Godiya ga mutanen Ikko da suka riƙe mu kwana huɗu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da daddare muka iso Kano lafiya, mu huɗu kamar yadda muka tafi. Kafin hidimar kasuwa ta ɗauke min hankali, bari in sauke nauyin godiyar da ke wuyana.

Rabona da Legas tun 2008. Shekara shida na yi a Agege ina yaron shago a wurin masu goro, shi ya sa da abokaina suka kawo shawarar mu je mu buɗe ido, na bugi ƙirji na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, da ɗan gari za a yi tafiyar. Ashe garin da na sani ya tashi ya bar ni. Pen Cinema da nake ratsawa da ƙafa safe da yamma, gadar sama ce a kanta tun 2021, na tsaya ina waige-waige kamar baƙauye. Oshodi da a da sai ka dafe aljihu da hannu biyu kafin ka kutsa, ta koma ƙatuwar tasha mai benaye. Har muka baro garin ban ga molue, manyan motocin hayan nan na da, ko ɗaya ba. Tun daga ranar farko abokaina suka laƙaba min "Ɗan Gari", kuma na san ba yabo ba ne.

Godiya ta farko ga Baba, maigidana na da. Na kira shi ne kawai don in ce za mu biyo mu gaisa, ya ce idan na kuskura na kama ɗakin otal a garin da yake raye, kada in ƙara kiransa Baba. Ɗakin soro ya sa aka share mana, aka shimfiɗa sabbin tabarmi da katifu. Baba, Allah ya ƙara girma, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hajiya kuwa ba mu san da bakin da za mu gode mata ba. Kullum da asuba ga shayi da burodin Agege mai zafi, da dare tuwon shinkafa miyar kuka, wai kada mu yi kewar gida. A dare na uku ta yi mana amala da ewedu, ɗayanmu da ya rantse ba zai ci ba shi ya nemi ƙari.

Sai autan Baba, wanda na bari yana firamare, yau shi ne ya zame mana jagora. Ya ajiye aikinsa kwana biyu cur saboda mu. Shi ya saya mana katin Cowry na biyan kuɗin jirgi, ya sa mu a jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Oyingbo, muna hango motoci cirko-cirko a cunkoso muna wucewa abinmu. Daga Marina kuma muka hau jirgin lantarkin nan da ya fara aiki a 2023, ya bi da mu ta saman ruwa, ya wuce ta gefen babban ɗakin wasannin ƙasa na Iganmu, inda aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, a 1977, har Mile 2. Ni na matsa a kai mu Bar Beach, inda muke zuwa yawon sallah. Yaron nan ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai an cike wurin da yashi." Ya kai mu muka ga dogayen benayen sabuwar unguwar Eko Atlantic tsaye a inda na san teku. Na daɗe ban ce uffan ba.

Ranar da muka je gandun dajin Lekki ce ba za mu manta ba. Mun bi ta gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, ga gidajen katakon Makoko can ƙasa, kwale-kwale na kai da komo. A gandun akwai siririyar gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya a saman itatuwa, ka taka ta yi lilo. Mun kai tsakiya sai babbanmu, mutumin da ya fi kowa cika baki a mota, ya ƙanƙame igiya ya rufe ido yana ta Hasbunallahu, ya ce shi fa nan zai kwana. Gaba ta gagara, baya kuma mutane sun yi layi. Wani matashin ma'aikacin wurin ne ya zo ya tsaya a gabansa, ya riƙa tafiya da baya yana lallashinsa taku ɗaya-ɗaya har ya sauko da shi. Ko sunansa ba mu tambaya ba saboda ruɗewa. Duk inda yake, Allah ya saka masa da alheri.

Haka kuma direban tasin da ya dawo da mu, wani dattijon Bayarabe. Wayata ta zame a kujerar baya, ban farga ba sai bayan sallar magariba. Na riga na yi mata Innalillahi. Da muka kira, ya ɗauka ya ce yana Ikeja, mu jira shi. Wajen ƙarfe goma sai ga shi a bakin layi. Da ƙyar ya karɓi kuɗin mai, goro ne ma ya karɓa da fara'a.

'Yan'uwa na Mile 12 da Idi-Araba da suka yi ta kira ba mu samu zuwa ba, don Allah a yi mana afuwa, kwanakin ne suka yi kaɗan. Baba, huhun goron da ka haɗo mu da shi ya iso lafiya, na kai wa Inna nata da safen nan, ta ce a gaishe ka da Hajiya da kyau.