Sana'ar haɗa labarai da Hausa a Zangon Kumasi

Kamfaninmu ɗaki biyu ne a saman wani shago a unguwar Aboabo, cikin Kumasi a ƙasar Ghana. Ɗaki ɗaya mun lulluɓe bangonsa da soso saboda ƙarar babura da hayaniyar titi, a nan muke naɗar murya. Ɗayan kuma tebur ne da kwamfutoci da kujerun baƙi. Mu huɗu ne: ni, da samari biyu, da wata yarinya da ta yi karatun aikin jarida a Accra ta dawo gida. Hajarmu labarai ne da Hausa. Ba mu da tashar rediyo ta kanmu, lokaci muke saya a wata tashar FM, in an gama shiri mu yanka shi gunduwa-gunduwa mu sa a Facebook da WhatsApp. 'Yan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi baƙi a Ghana, da ke Jamus da Italiya da Amurka sukan riga mutanen unguwa saurare, kuma su ne suka fi bugo waya in sun ji abin da bai yi musu ba.

Aiki yana farawa da an idar da sallar asuba. Ɗaya daga cikin samarin ya duba Daily Graphic da Ghanaian Times da shafukan labarai na intanet, ɗayan ya kasa kunne ga shirye-shiryen safe na tashoshin da ke magana da Twi, yaren Asantawa, don a Kumasi abin da aka tattauna a can da safe shi za a yi ta yi a kasuwar Kejetia har yamma. Wannan duk tattarawa ce kawai, kowa ma zai iya. Inda aikin yake shi ne buga waya. In an ce an kama wani a Sawaba, sai mun ji daga 'yan sanda, mun kuma ji daga gidansu. In an ce wani malami ya rasu, ba ma faɗa sai ɗansa ko ƙaninsa ya tabbatar mana da bakinsa. Labari ɗaya na minti biyu yakan cinye mana rabin yini da kuɗin kati da na mota, alhali wani yaro da wayarsa ya riga ya watsa shi tun da hantsi, da ƙarin gishiri, bai kashe ko sisi ba. Kullum da wannan muke kokawa.

Mutane na tambayata me ya sa ba mu bar wa manyan gidajen jarida aikin ba, tunda ga su nan birjik. Amsata ita ce watan Yulin 2018. A garin Manso Nkwanta da ke yankin Ashanti 'yan sanda suka harbe samari bakwai, suka ce 'yan fashi ne, kafafen labarai da yawa kuma suka ɗauki maganar yadda aka ba su suka yaɗa. Amma a Asawase, unguwarsu ta Zango a Kumasi, an san samarin, an san iyayensu da sana'o'insu. Matasa suka fito kan titi, shugabannin Zango suka tsaya tsayin daka, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kwamitin ya ce bai ga wata hujja da ke nuna cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, daga baya gwamnati ta biya iyalan diyya. Ban ce 'yan jaridar da suka fara yaɗa labarin mugaye ne ba. Ba su da lambar wayar kowa a Zango, ba su jin yaren da ake kuka da shi a gidajen mamatan, kuma sun saba tun tuni cewa in an ambaci Zango da bindiga a jimla ɗaya babu buƙatar ƙarin tambaya. Wannan sabon shi ne ciwon. Zango yakan shiga babbar jarida ne in an zubar da jini, ko lokacin zaɓe, ko ranar Sallah a ɗauki hoton raguna. 'Yar Zango da ta zama likita, ko matan da ke riƙe da cinikin hatsi da goro, ko malamin makarantar allo da ya haɗa wa almajiransa karatun boko, ba su cika zama labari ba.

Sai kuma harshe. Gidan rediyon ƙasa, GBC, ya daɗe da sa Hausa cikin harsunan da yake watsa shiri da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Iyayenmu kuma sun tashi da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a watan Maris na 1957, watan da Ghana ta sami 'yancin kai. Har yau akwai dattawan da suka fi sanin abin da ke faruwa a Kano da Yamai fiye da abin da majalisar gundumarsu ta zartar jiya. Lokacin korona muka ga amfanin cike wannan giɓi. Da aka rufe Accra da Kumasi a ƙarshen Maris na 2020, Shugaba Akufo-Addo yakan yi wa ƙasa jawabi da dare, mu kuma mu zauna a daren mu mayar da shi Hausa: wa aka yarda ya fita, wace kasuwa za ta buɗe, me aka ce game da jam'i da jana'iza. Da allurar rigakafi ta iso a Fabrairun 2021, saƙonnin murya suka cika wayoyi cewa tana hana haihuwa. Muka ɗauko wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa, muka bar mata suka yi ta yi mata tambayoyi kai tsaye. Ba kowa ya gamsu ba, amma sun ji amsa daga bakin wadda suka san uwarta.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ba a son faɗa. Labari ba ya ciyar da kansa. Abin da ke biyan haya da lokacin rediyo da albashin yara shi ne sanarwa: ɗaurin aure, suna, sadakar bakwai da ta arba'in, Mauludi, walimar saukar Alƙur'ani. Sai tallan makarantu da masu shirya tafiyar Umara, sai masu maganin gargajiya, waɗanda su ne suka fi kowa sakin hannu. Doka ta ce sai hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da tallan magani kafin a watsa shi, mu ma takardar muke fara nema. Wani mai magani ya taɓa zuwa da kuɗin wata uku a hannu, yana so a ce garinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya. Na ce, "Malam, ina takardar hukuma?" Ya ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai an kawo takarda?" Ya mayar da kuɗinsa aljihu, bayan kwana kaɗan na ji tallan a wani wuri. A 2022, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba, irin wannan kuɗin in ya fita ƙofa sai ka ji shi a jikinka.

Akwai kuma soli. Duk wanda ya taɓa aikin jarida a Ghana ya san shi: ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, a ce kuɗin mota ne. Ba na zagin yaron da ya karɓa. Da yawa daga cikin masu ɗauko rahoto a ƙananan tashoshi albashinsu bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba a biyansu sam, an bar su su ci da makirufo. Amma Hausawa sun gama magana, in baki ya ci ido sai ya ji kunya. Wanda ya sallame ka yau, gobe in asirinsa ya tonu, alƙalaminka zai yi nauyi. Dokar ofishinmu ita ce ni nake ba da kuɗin mota kafin a fita, ambulan kuma a bar shi inda aka gan shi. Hakan na nufin tarurruka da yawa ba ma zuwa, don ba mu da abin zuwa. Kuma an daina gayyatarmu wasu wuraren.

Siyasa ta fi soli wuyar sha'ani. Tashoshi masu yawa a ƙasar nan mallakar 'yan siyasa ne ko 'yan kasuwar da ke jingine da jam'iyya, kuma mai sauraro ya san wace tasha ce ta wa. Akwai masu bugo waya na haya, muryoyi iri ɗaya da za ka ji a wannan tasha da ƙarfe bakwai, ka sake ji a waccan da ƙarfe takwas, suna kare jam'iyyarsu ko me ta yi. Mu kuma zamanmu ya ƙara mana nauyi, don Asawase mazaɓa ce da jam'iyyar NDC ke ci a tsakiyar yankin Ashanti da jam'iyyar NPP ta fi ƙarfi. In muka ce kwata ta toshe, wani zai ce an saye mu mu ɓata ɗan majalisa. In muka ce an gyara titi, wani zai ce mun koma 'yan amshin shata. A mako ɗaya an taɓa kirana ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan, a kan rahoto guda.

Duk da haka ba na yarda a ce gara da. Wanda ya san tarihin garin nan ba zai faɗi haka ba. A nan Kumasi John Tsiboe da matarsa Nancy suka kafa jaridar Ashanti Pioneer a 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Kwame Nkrumah da kansa ɗan jarida ne, shi ya kafa Accra Evening News a 1948 ya yaƙi Turawa da ita, amma da mulki ya zo hannunsa gwamnatinsa ta rufe Pioneer a 1962 saboda adawa. Bayan haka sojoji suka yi ta zuwa suna tafiya, rediyo na hannun gwamnati ita kaɗai. Tsarin mulkin 1992 ne ya ware babi na 12 ga 'yancin kafafen labarai, kuma ko a 1994 da Charles Wereko-Brobby ya buɗe tasha mai zaman kanta, Radio Eye, jami'an tsaro sun je sun kwashe kayan. Sai a 2001, zamanin Shugaba Kufuor, aka soke dokar da ke kai ɗan jarida kurkuku kan ɓata suna. Kamfani irin nawa ba zai yiwu ba kafin wannan. Sai dai 'yancin bai hana jini zuba ba. A Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Accra, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki da ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf Anas Aremeyaw Anas wajen tona cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta sa Ghana a matsayi na 23 a duniya wajen 'yancin aikin jarida a 2018, a 2022 ta koma na 60. Iyayen yarinyar da ke aiki da ni sun zo har ofis kafin su bar ta ta fara, abin da suka ambata kuwa sunan Ahmed ne.

Amma abin da ya fi ɗaure mana hannu ba gwamnati ba ce, kusanci ne. Abin da ya sa muka fi baƙo sanin Zango, shi ne kuma yake hana mu faɗin abin da muka sani. Wanda za ka ba da labarinsa, sahu ɗaya kuke tsayawa da Magariba, ƙanwarsa na auren ɗan baffanka. In rikicin limanci ya tashi, ko aka rasa inda kuɗin ginin masallaci ya shiga, ko tramadol ya kama yaran wani babban gida, kafin ka kunna na'ura dattawa sun iso. "Ɗana, a rufa wa juna asiri, za mu zauna a kai." Wani lokaci suna da gaskiya. Saɓanin miji da mata, ko na 'yan'uwa kan gado, zaure ya fi rediyo iya kashe shi, kuma ba kowane abin da ya faru ne ya zama haƙƙin jama'a su ji ba. Inda na ja layi wuri biyu ne: dukiyar jama'a, da yaron da aka cutar. In an ci zarafin yarinya ƙarama aka ce a sasanta a gida, wannan sasantawar wanda ya yi laifin take karewa, kuma za mu faɗa, ba tare da sunanta ko unguwarsu ba. Na rasa masu talla a kan haka, akwai kuma gidan da har yau ba a amsa sallamata da sakin fuska.

Abin da nake sa rai a kansa yanzu dokar neman bayanai ce ta 2019, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takardu, a ba shi amsa cikin kwana 14. 'Yan jaridar The Fourth Estate a Accra sun nuna tana aiki: hukumar ma'adinai ta nemi su biya kwatankwacin dala 1,000 kafin ta ba su bayani, hukumar da ke kula da dokar ta mayar da kuɗin abin da bai kai sidi biyu ba. Yarinyar da ke aiki da ni ita ta nace mu gwada. Ta ce, "Baba, kowace damina muna naɗar kukan mutanen da ruwa ya shiga ɗakunansu, ba mu taɓa tambayar wa aka ba kwangilar kwatar ba, nawa aka ware, nawa aka biya." Ta rubuta wasiƙar da kanta ta kai, ta karɓo shaidar cewa an amsa. In kwanakin suka cika ba a ce komai ba, doka ta ba mu damar kai ƙara wurin shugaban ofishin, daga nan sai hukumar kula da dokar da ke Accra, kuma ta riga ta tsara wasiƙa ta biyu ta ajiye.