Yadda na bi sawun «menew» a harshen Bashkir

Da na fara koyon Bashkir, harshen mutanen Bashkortostan da ke kudancin tsaunukan Ural a Rasha, ban bi hanyar haddace jerin kalmomi ba. Aikatau ɗaya nake kamawa, in bi shi har inda ya tsaya. Wanda ya fi riƙe ni shi ne менеү, ana faɗinsa «menew».

Ma'anarsa ba ta wahalar da Bahaushe, don «hau» ɗinmu ne: atqa menew hawan doki, tawğa menew hawan dutse, ağasqa menew hawan bishiya. Sai dai mu «hau doki» muke cewa kai tsaye, su kuwa dole a liƙa wa abin da za a hau ɗafa-ƙeyar -qa ko -ğa, mai nuna inda aka nufa. Na gane gara in riƙa haddace shi tare da ɗafa-ƙeyar, ba shi kaɗai ba.

Asalinsa ne ya ci mini lokaci. Na jera shi da 'yan uwansa a sauran harsunan dangin Turkanci: Tatar menü, Uzbek minmoq, Turkanci binmek. Me ya kawo «b» can, «m» nan? Ashe tsohon bin- ne, yana ma cikin rubutun dutsen Kul Tigin, wani jarumin tsoffin Turkawa, da aka kafa a kwarin Orkhon, ƙasar Mongoliya, a shekarar 732, inda aka ce jarumin ya hau dokinsa ya kai hari. Sautin hanci na «n» ne ya janyo «b» ta koma «m», shi ya sa kalmar «dubu» take «bin» a Turkanci amma «meŋ» a Bashkir. Wasalin «i» kuma ya koma «e» a Bashkir da Tatar. Tun da na kama waɗannan sauye-sauye biyu, kalmomi da yawa na daina zuwa ƙamus a kansu.

Wuri ɗaya ne kamanninsa da Hausa ya ƙare. Mu muna hawan mota, Baturke ma da binmek yake shiga bas, amma a Ufa, babban birnin Bashkortostan, «zama» ake yi a bas, ultırıw. Menew yana nan inda ake ɗaga ƙafa a yi sama: kan sirdi, kan dutsen Iremel, ko jikin dogayen itatuwan gundumar Burzyan, inda har yau masu ɗiban zumar daji ke hawa da igiyar fata.