Ɗinkin da Baba Soja ya bar mana

Baba Soja, Allah ya jiƙansa, ya haura shekara 90 a duniya, kuma har ƙarfinsa ya ƙare idan aka miƙa masa takalmi sai ya juya ya duba tafin kafin ya kalli saman. Shi ya kafa sana'ar nan da nake riƙe da ita yau, a hannunsa na koyi dukanci.

Yana cikin samarin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai Bama a yaƙin duniya na biyu, a runduna ta 81 da ta shiga kwarin Kaladan a 1944. Babu hanyar mota a dajin, ta jirgin sama ake jefo musu kaya, sauran tafiya kuwa ƙafa ce da dako a ka. Bai cika son zancen harbi ba. Abin da yake yawan faɗa mana shi ne ruwan sama da taɓo, da yadda ƙafa ke ruɓewa cikin jiƙaƙƙen takalmi, da yadda sojan da tafin takalminsa ya ɓalle ke zame wa 'yan'uwansa nauyi. Can ya fara riƙe basilla yana ɗinke wa abokansa, da ya dawo kuma bai ajiye ta ba.

Shi ya sa gam bai taɓa shiga ransa ba. A wurinmu gam riƙo yake yi kafin a ɗinke, ba shi ke ɗaukar nauyin takalmi ba. Muna jiƙa fata, mu ja ta a kan katakon ƙafa ta kwana ta ɗauki siffa. Zaren sai an murza shi da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi. A tafin kirgi muna tsaga 'yar hanya, ɗinkin ya kwanta a ciki, ta yadda ƙasa ba za ta goge shi ba. Ina yaro, idan tazarar ɗinkina ta bambanta, sai ya ce, "Ɗana, warware, ƙafar mutum ce za ta shiga." Ba tsawa, amma sai ka warware.

Abin da ke ƙona mini rai yanzu shi ne masu kwaikwayo. Su samo roba mai kama da fata, su manna tafi da gam, su buga zanen ɗinki na ƙarya a gefe, mai saye ya zo yana ce mini ai ya ga irinsa da araha. Damina ɗaya takalmin ya buɗe baki. Wasu masu kawo fata ma sai su cusa wadda ba ta jemu ba a tsakiyar ɗauri, shi ya sa kowace sai na lanƙwasa ta na shinshina, kamar yadda Baba yake yi.

Gidansa kuwa bai raba 'ya'yan cikinsa da mu yaran shago ba. Ya ga jikoki, ya ga tattaɓa-kunne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya yaye suna cin gashin kansu. Har yau akan kawo mana takalman da ya ɗinka da hannunsa, saman lafiya lau, tafin kawai ya cinye. Mukan warware tsohon zare, mu bi ramukan basillarsa mu sa sabon tafi. Duk wanda ke da irinsu a ajiye ya kawo, za mu gyara.