Inda na kai a koyon kiɗa da faifan Drums of Passion

'Yan'uwa masu koyon ganga, ga inda aikina ya tsaya a kan faifan Drums of Passion na Babatunde Olatunji, wanda aka ɗauka a birnin New York a 1959, kamfanin Columbia kuma ya fitar da shi a 1960, lokacin da faifan sitiriyo, mai raba sauti tsakanin hagu da dama, yake sabo a kasuwa. Olatunji ɗan ƙauyen Ajido ne kusa da Badagry, karatu ya kai shi Amurka a 1950, kuma abin da ya tara a wannan faifai ganguna ne da caki da muryoyin 'yan amshi masu rera Yarabanci.

Amfanin sitiriyo ga mai koyo shi ne rarrabewa, domin idan na saurara da kunne ɗaya, wasu gangunan sukan matso kusa, wasu su ja baya, sai in kama zaren makaɗi guda in bi shi har ƙarshe. A cikin kiɗe-kiɗen faifan, a kan "Jin-Go-Lo-Ba", wanda ƙungiyar mawaƙa ta Santana ta sake kaɗawa a 1969, na fi daɗewa. Bugun da ke riƙe da shi gajere ne, yana maimaita kansa, amma wahalarsa tana wajen tsayawa a kansa ba tare da ƙara sauri ba, musamman a lokacin da babban makaɗi ya fara wasa a kai, hannu kuma ya soma kwaɗayin binsa. Yanzu ina iya riƙe shi daga farko zuwa ƙarshe, kuma tafin hannuna ya fara bambanta sautin tsakiyar fata mai zurfi da na bakin ganga, wanda 'yan yatsu ke fitarwa da kaifi.

"Akiwowo" kuwa, da yake kwaikwayon tafiyar jirgin ƙasa ne, ya fi sauƙin shiga jiki, kuma shi nake ba sabon shiga shawarar ya fara da shi.

A ganina, wanda ya taso yana jin kalangu ba zai sha wahalar fahimtar yadda ganga ke amsa wa murya a nan ba, sai dai aikin hannun daban ne, tunda ba tsarkiya ake matsewa ba. Abin da ke gabana shi ne haɗa amshi da bugu a lokaci guda, sannan in taɓa "Shango", wanda saurinsa yake bukatar kafaɗa a sake da numfashi a natse.