Yadda nake like hujin baƙin ido da gam a Katsina

Da kaka muka fi ganin irin wannan rauni a ɗakin duba ido. Manomi na yankan gero ko dawa, ganye ya shafce shi a baƙin ido, ya ɗauka ƙaiƙayi ne kawai, alhali ƙwayar cutar fangas ce ta shiga wurin. Wani ya ɗiga ruwan ganye, wani ya sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis, wanda kuwa ƙara wa cutar ƙarfi yake yi. Kafin ya iso gare mu, gyambo ya ci tantanin gaban ido har ya huje, ruwan ciki na tsiyaya.

Naman da gyambo ya ci ba ya riƙe ɗinki, kana jan zare yana yagewa. Shi ya sa idan hujin bai kai milimita 3 ba nake sa gam na tiyata, irin su Histoacryl. Tun 1968 likitocin Amurka suka fara like ido da irinsa.

Wani dattijo daga wajen Daura ya taɓa riƙe mini hannu ya ce, "Likita, sufa gulu za ka sa mini a ido?" Na ce, "Baba, danginsu ɗaya, amma wannan don jikin mutum aka yi shi. Na kasuwa ko kusa da idonka kada ya je."

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne busar da wurin. Gam ɗin nan da ya ji laima yake daskarewa, in akwai hawaye sai ya daskare a kan ruwa, ba a kan nama ba. Bayan na kashe zafin ido, sai in kankare ruɓaɓɓen nama a gefen hujin, in tsane shi da soso ƙarami har ƙyallinsa ya ɗauke. In yanko 'yar leda mai tsabta kamar ƙwayar dawa, in ɗiga mata gam ɗan mitsitsi, in danna. Yawan gam ɓarna ne: yana yin tudu, fatar ido ta ture shi. Daga nan in ɗiga rini a ƙarƙashin shuɗin haske in ga ko akwai yoyo, sannan in ɗora lens mai laushi, wato ɗan faifan roba da ake ɗorawa a kan baƙin ido, don busasshen gam kaushi gare shi.

Akwai kuma gam ɗin fayibirin da ake haɗawa daga sinadaran daskarar da jini. Yana da laushi, ido ya fi karɓarsa, amma cikin kamar mako 2 ya narke, ga tsada, ga buƙatar firji. A wurin cire tsiron nama a ido na fi son sa.

Gam ba ya kashe fangas. Dole a ci gaba da ɗiga natamaisin, maganin fangas, dare da rana, kuma nakan faɗa wa mai rakiya tun ranar farko cewa hakiya za ta saura. Wanda hujinsa ya fi ƙarfin gam, takarda nake rubuta masa zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.