Ƙararrawar kicin: abin da zan bar wa wanda zai gaje ni

Duk kicin ɗin da ka shiga a Kaduna ka tarar an manna wa ƙararrawar da ke sanar da shigowar oda salatif a baki, kada ka yi saurin zagin kuku. Laifin yana wurin wanda ya sayo ta. Akwai irin manajan da zai aika yaro Kasuwar Gumi ya kawo mafi araha, ya laƙa ta a saman murhu, ya koma ofis mai iyakwandishan. Ranar da oda ta kwana a firinta saboda an toshe ƙarar, albashin kuku ake yanka. Wannan zalunci ne, kuma har yanzu yana ci mini rai.

Ga inda matsalar take. Ƙananan ƙararrawa masu tsuwa, waɗanda ake kira piezo, yawancinsu suna kuka ne tsakanin Hz 2,000 da 4,000 (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji. Shi ya sa suke huda kai. Sau ɗaya ba komai, amma a azumi, gab da buɗa-baki, oda na shigowa kan oda, mutum yana tsaye gaban wuta tun azahar. Dole ya cusa mata tsumma. Ga shi kuma sauti siriri guda ɗaya yana da wuyar gane inda ya fito, sai ka ga ana waige-waige tsakanin firinta da injin suya.

Abin da ke aiki shi ne mai lasifika, mai murya biyu da ke sauka a hankali irin ta ƙofar gida, wajen Hz 500 zuwa 1,000, wadda ake iya rage wa ƙarfi. Ta buga sau biyu ta yi shiru, in ba a cire takardar oda daga firinta ba ta sake bayan daƙiƙa 30. Kada a gwada ta a shago. A kawo ta kicin da rana tsaka, fanka mai zuƙe hayaƙi na aiki, injin markaɗe na ihu, janareta na ruri, a auna hayaniyar da manhajar waya. Ƙa'idar ISO 7731 ta ƙarar haɗari tana son ta ɗara hayaniya da desibel 15 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ta oda ba sai ta kai haka ba, wajen 10 ya wadatar. Kuma duk ninkin nisa yana cin kusan desibel 6, don haka ƙanana biyu a kusa da mutane sun fi babba ɗaya a lungu.

A kula da wutar lantarki. Ramin da ake jona akwatin kuɗi a bayan firintocin Epson TM, inda ake jona ƙararrawar, 24V yake bayarwa. Ka sa mai 12V, ta ƙone. Masu shiga soket kuma, wasu in NEPA ta ɗauke aka koma janareta sai su manta saitinsu, su dawo da cikakken ƙarfi. A cire ta a mayar kafin a biya kuɗi.

A ɗaga ta kamar mita biyu, nesa da tururi, bakinta ƙasa, don maiƙo da ƙurar hunturu suna toshe ramin. Marasa waya ba sa jituwa da bangon ƙarfe. Ta gobara kuwa ba a taɓa ta. A bar ta da muninta, kuma kada ta oda ta yi kama da ita. Zaɓin ƙarshe a bar wa kuku da mai wanke-wanke, ko da Oga ya ɓata rai.