Faifan da ya kusa korar mini yara daga shago

Duk baƙon da ya shigo shagona na wasan bidiyo yakan yi turus idan ya hangi PlayStation 2 guda biyu a kusurwa, kusa da sababbin injuna. Wasu har su ce, "Oga, waɗannan tsofaffin fa?" Sai in ce su dawo ranar Juma'a bayan la'asar su ga inda layi yake.

Wasa ɗaya ne ya riƙe injunan nan, Def Jam: Fight for NY, wanda ya fito a 2004. Kamfanin AKI na Japan, gwanayen wasannin kokawa, su suka ɗinka faɗan da ke cikinsa, kamfanin EA ya fitar. Ban taɓa ganin wasan da ya dace da shago irinsa ba. Idan ka jona abin ƙara hannuwan buga wasa, mutum huɗu za su shiga fili lokaci guda. Salon faɗa biyar ne, daga na titi har na kokawa da na murɗe gaɓa, kuma kana iya haɗa su a jikin ɗan wasanka. 'Yan kallon da ke cikin wasan ma ba zaman banza suke ba: su riƙe maka abokin faɗa, su miƙo maka kwalba. Akwai filin tashar jirgin ƙasa inda za ka jefa mutum gaban jirgi, faɗa ya ƙare nan take. Ranar da wani yaro ɗan firamare ya yi wa wani ƙato haka, ihun da aka yi sai da mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo da ludayi a hannu.

To, da aka ce na gaba ya fito a 2007, Def Jam: Icon, kuma a PlayStation 3 da Xbox 360 kawai, ban yi wata-wata ba. Lokacin ba a fara yi wa PS3 kutse ba, dole sai faifai na asali. Na sa aka kawo mini injin da faifan, na share masa wuri, na ɗora shi a talabijin mafi girma. Daren farko shagon ya cika har bakin ƙofa.

Hoton kam ba a magana, har zufar goshi kana gani. Amma minti goma ba a yi ba ɗakin ya yi tsit. 'Yan wasan suna tafiya kamar masu ɗauke da buhun siminti. Mutum biyu kaɗai ke bugawa. 'Yan wasa sama da 60 da muka saba da su sun dawo ba su kai 30 ba. Layin jinin da ake kallo a saman allo a san wa ya kusa faɗuwa, an ɓoye shi. Babban abin da suka zo da shi shi ne kiɗa: fili yana motsi da bugun waƙa, famfon gidan mai ya fashe daidai kan gaɓar kiɗan, kai kuma ka riƙa juya sandunan hannu kamar mai murza faifai a wajen biki. Wataƙila a ɗaki shiru abin da daɗi. A shagon da janareta ke ruri a baya, talabijin uku na ihun ƙwallo, wa zai ji wata gaɓar kiɗa? Wani daga cikin manyan 'yan wasana ya ajiye hannun ya ce, "Yaya, wannan rawa ce ko faɗa?" Daga baya na gane ba AKI suka yi shi ba, EA Chicago ce, masu wasan dambe na Fight Night. Kafin shekarar ta ƙare ma an rufe reshen.

Sati biyu na mayar da yara kan tsohon. Nan ne abin da na koya wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi mini rana, don tsofaffin injuna sai da gyara. Na fara zama a shagonsa tun zamanin Sega, aikina shara da goge kaset. Bai bar ni na taɓa sukundireba ba sai da na shekara. Shi ya koya mini goge idon inji da auduga da sifirit, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Shi ya nuna mini cewa maɓallin da ya daina amsawa yawanci ba mutuwa ya yi ba, robar ƙarƙashinsa ce ta gaji, ko datti ya rufe baƙin ɗigon. Har yau idan faifai ya fara juyawa, da kunne nake gane idon da ya kusa tafiya. Sandar hannu kuwa idan ta fara jan ɗan wasa gefe, cire ta nake in like sabuwa da dalma, ba fesa mata mai in miƙa wa mai ita ba kamar yadda wasu ke yi.

Hannuwan ne ciwon kaina. Wani dila ya taɓa aiko mini kwali guda yana rantsuwa na asali ne. Da na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau kamar faifan tuwo, na buɗe, wayoyin ciki kamar gashi. Wasan faɗa ba ya ɗaga wa hannu ƙafa, na jabu kwana uku ya yi yawa. Abin haushin, mutum zai kawo irin wannan gyara, ka faɗa masa gaskiya, ya tsaya yana ciniki wai a can gaba an ce masa rabin haka. Ya je can ɗin, bayan sati ya dawo da shi a leda, sukurori biyu sun ɓata.

Faifan Icon yana nan a durowa cikin kwalinsa, ko ƙwarzane babu. Wanda ya matsa yana son gani nakan saka masa, ban taɓa ganin wanda ya nemi zagaye na uku ba. Gasar Fight for NY kuwa tana nan duk Juma'a, mutum huɗu a fili, wanda aka fara kayarwa ya ba na baya hannu. Mai tsohuwar PS2 da ta daina karanta faifai ya taho da ita, kada ya bari kowa ya buɗe ta kafin in gani.